Aikin Zane Sana'a Ce, Amma Ba Da Inji Ake Fara Ta Ba

Jawabin da malamin lakwal ya yi wajen taron ƙungiya. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.



Shugaba ya ce mu yi magana bisa wata buƙata da ta yi ta zuwa gaban ƙungiya cikin watannin nan. Samari ne ke rubuto takarda suna roƙon rance daga asusu, su sayi kwamfuta, wadda muke ce ma ordinatar, da injin buga takarda, su buɗe atele na zane. Wasu ma ba ƙungiya sunka tunkara ba, uba sunka matsa ma shi saida sa, ko shi jinginar da gonar fadama. Dattawa kuwa sun ce ba su san wagga sana'a ba, ba su san abin da ake saidawa cikinta ba, kuma ba su sa hannu ga abin da ba su sani ba. Suna da gaskiya. Shi ya sa cikin hutun lakwal anka aike mu, mu da mutum biyu na kwamiti, munka yi kwanaki muna zama cikin ƙaramin atele na wani ɗan ƙasarmu nan Maraɗi, muna kallo muna tambaya. Abin da munka gani ne za mu faɗa maku, da abin da muke ganin ya kamata a yi.

Iyayenmu, sana'ar ba baƙuwa ba ce, kun san ta, suna ne ta sake. Babbar rigar da ke jikin wasunku yau, kahin mai surfani shi sa allura, akwai wanda ya zauna ya zana aska takwas da tambari bisa ƙyallen. Shi bai ɗinka ba, bai saƙa ba, amma in ya karkace, aikin wata uku ya karkace. Sau da yawa ma malami ne ke yin wanga zane, don hannunshi ya saba da alƙalami. Wanda ya taɓa shiga Birnin Damagaram ya ga yadda magina sunka ƙawata huskar gidaje da dagi da kwana-kwana. Maƙeran Agadas, kahin su zuba azurfa, da kaki suke fara hido siffar abin wuya. Tutar ƙasarmu ma, wadda anka tsaida a 1959, zane ce: ruwan goro sama, fari tsakiya da rana guda, tsanwa ƙasa. Yaro ɗan aji ɗaya shina iya zana ta, kuma ana gane ta daga nesa. Wanda ya tsara ta ya san aikinshi. To abin da waɗanga samari ke son yi ke nan, sai dai maimakon ƙyalle da bango, su bisa takarda da leda suke yi: allon kanti, katin gayyatar aure da na suna, kalanda, hatimi, katin ƴan ƙungiya, rigunan ƴan ƙwallo, takardar da ake liƙa ma kwalbar man gyaɗa ko ledar kilishi.

Atelen da munka zauna ɗaki guda ne, bai hi zauren maigari girma ba. Mutum huɗu ke ciki. Maigidan, wanda ya fara da buroshi da gwangwanin fenti shina rubuta bayan motoci a tasha, tun ba a san ordinatar ba. Sai babban yaronshi mai zama gaban na'ura, sai ƴan koyo biyu. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta biyu, ɗaya tsohuwa, injin buga takarda, injin yanka leda mai liƙewa, tebur mai tsawo, da katakai masu raga na buga riguna. Babban injin da ke buga leda mai kauri, wadda suke ce ma bash, ba su da shi. Tsadarshi ta hi ƙarhinsu. In sun gama tsara aiki, sai yaro shi hau kabu-kabu shi kai wajen mai injin, a buga, a biya shi mita-mita. Ku riƙe wanga, don samarinmu suna tsammanin duk wanda sunka gani da atele shi ke da kowane inji.

Da sahe abin farko shara ce. Ba wasa ba ne, ƙura ita ce babbar abokiyar gabar injin, balle lokacin hunturu. Sai a kakkaɓe, a goge, a yaye ƙyallen da anka ruhe na'urori da shi. Daga nan masu kawo aiki su fara shigowa. Mun lissafa da idonmu, zanen kanshi bai cin kashi ɗaya cikin uku na yini. Sauran magana ce da mutane. Ga mai kanti ya zo shina son a sa sunanshi, da sunan ubanshi, da lambar salula uku, da hoton buhun shinkafa, da na taliya, da na madara, da na sabulu, duk bisa allo guda mai mita 2. Maigidan bai yi mashi gardama ba. Sai ya kama hannunshi ya hitar da shi bakin hanya, ya nuna mashi allunan da ke tsallake, ya ce: «Alhaji, wanne kake iya karantawa daga nan?» Alhaji ya duba, ya nuna wanda ke da kalma biyu da lamba guda. Shi ke nan, magana ta ƙare, anka rage. Mai babur da ke wucewa ba shi tsayawa shi karanta allo kamar wasiƙa. Kallo guda shike yi, abin da ido ya ɗauka shi ne nashi.

Akwai kuma abubuwan da na'ura ke yi waɗanda in yaro bai san su ba sai shi sha asara. Launin da ke bisa gilashin kwamfuta haske ne, daga ja da tsanwa da shuɗi ake haɗa shi. Na takarda kuwa tawada ce iri huɗu, shuɗi mai haske, ja mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa, da baƙi. Ba su yin daidai. Uwar amarya ta zaɓi launi bisa gilashi, in an buga ya hito da duhu, ta ce ba shi ba ne, ba ta biya. Don haka atelen kirki shina buga guda ɗaya tukuna, a nuna, a yarda, sannan a buga ɗari biyu. Haka hoto. Wanda anka aiko ta WhatsApp, na'urar ta matse shi don shi yi saurin tahiya. Bisa salula shina da kyau, amma in an buɗa shi ya kai mita guda, sai huskar ango ta dagargaje kamar an zuba ruwa bisa alli. Sai a ce ma mutum shi sake aiko shi a matsayin takarda, ko shi kawo salular da ta ɗauka. Kuma in kati zai sha yanka, sai an bar ma launin rarar milimita 3 kowane gehe, in ba haka ba wuƙa ta bar farin layi. Waɗanga duka ba a sayen su tare da injin. Wajen maigida ake ganin su, yau ɗaya gobe ɗaya.

Sai wuta. Kun tuna a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu daga watan Agusta, sai cikin 2024 anka maido. Atele da yawa sun yi kwanaki ba su buga ko takarda guda ba, haya kuwa ba ta jira. Wanda ke da gurup ya sha tsadar mai. Takarda da tawada da leda, yawancinsu daga Kano suke zuwa ta Katsina da Ɗan Isa. Da anka ruhe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma a 2023, farashinsu ya tashi, mai kawo aiki kuwa tsohon farashi ya sani. Aikin kuma na lokaci ne kamar noma. Bayan kaka aure shina yawa, kati sai an kwana ana bugawa. Watan Oktoba akwai aikin makarantu, ƙarshen shekara kalanda, gab da salla allunan teloli da ƴan kanti. Da damina kuwa sai a yini ana korar ƙuda. Wanda bai ajiye na kaka ba, da damina zai saida injin.

Bari mu yi lissahi kaɗan, kamar yadda muke yi ma ƴan CM2, misali ne kawai. A ce an yi cinikin allon kanti jika 15. Yaro ya ji jika 15, ranshi ya yi fari. To buga leda wajen mai babban inji, a ce jika 6. Ƙarhe da ladan mai walda, jika 4. Kabu-kabu zuwa da dawowa, da zuwa kafawa, jika guda. Saura jika 4. Cikinsu akwai haya, akwai wuta, akwai abincin ƴan koyo, akwai patanti na gwamnati. In kuwa anka yi kuskuren baƙi guda cikin sunan mai kanti, sai an sake bugawa, jika 6 sun tahi, ribar ta ƙare har an shiga uwar kuɗi. Shi ya sa maigidan ba shi taɓa aiki sai an ba da rabin kuɗi, ba shi kuwa aika aiki wajen bugu sai mai shi ya karanta ya sa hannu. Ko ɗan'uwa ne. Ya ce mana bashin ƴan'uwa da abokai ya kashe atele hiye da yadda rashin wuta ya kashe. Mu ƴan gari guda, wagga magana da mu take.

Nan ne za mu daɗe kaɗan, don nan ne aikinmu na malaman lakwal ya gamu da nasu. Mai zane mai rubutu ne, kuma rubutunshi ba cikin kaye shike ba inda mushe zai ja jan layi a wuce. Bisa bakin hanya shike, shekara biyar, kowa na gani. Ku zagaya kasuwa ku karanta alluna, za ku ga Faransancin da zai sa ku dariya, har bisa ƙofar wurin saida magani. Yaron da ya gudu daga dikte shina cewa zai yi zane don ba a buƙatar karatu, to dikte na nan tana jiran shi cikin atele, kuma wagga da kuɗi ake biyan kuskurenta.

Hausar ma haka. Muna da baƙaƙe huɗu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda babu su cikin Faransanci. Tun taron Bamako na 1966 ake maganar yadda za a rubuta harsunanmu, a 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, a 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun. Duk da haka je ka wajen biki ka ɗaga kai, ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe ana maraba da «manyan baki». Baƙi ake nuhi, amma abin da ke rubuce baki ne, na cin tuwo. Gwamna da sarki na zaune ƙarƙashi. Haka ƙare da kare, haka ƙasa da kasa, haka ɓata da bata. Dalili shi ne yawancin salon baƙaƙen da ke cikin kwamfuta ba su da masu lanƙwasa. In an buga ƙ sai wani ɗan akwati shi hito, ko ta hito da wani salo dabam kamar baƙuwar akuya cikin garke, sai yaro shi gaji shi sa k shi wuce. Alhali akwai salon da ke da su, kyauta ma ake samun su, nema ne kawai. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Mu dai muna ganin aikin rubuta Hausa bisa alluna da takardu ƙaruwa zai yi. Yaron da ya iya rubuta ta daidai shina da abin da maƙwabcinshi bai da shi.

Larabci kuwa ya hi su wuyar sha'ani. In ba a daidaita na'ura ba, sai ta rarraba baƙaƙen, ta jera su daga hagu zuwa dama. Wanda bai yi makarantar allo ba bai ganin komi, sai shi buga. Maigidan atelen, duk abin da ke da Larabci ko ajami, sai ya aika an kai ma malamin unguwa ya duba. Kuma shina ba mutane shawara kada a sa aya bisa katin da za a yar ƙasa bayan biki. Mun ga dattawa na gyaɗa kai. Ashe kun ga ƴan makarantar allo ma suna da wuri cikin wagga sana'a, don hannun da ya yi zayyana bisa allo ya riga ya san daidaito.

To ku samari, ƙannenmu, ku saurara. Ba mu zo mu kashe maku gwiwa ba. Mun hi son mu gan ku nan kuna wanga aiki da mu ji kuna bisa hanyar Libiya ko Aljeriya, uwa na kwana ba barci. Amma wanda ke son shi zama mai zane, shi fara yau, da kireyo da kaye na dala ashirin. Shi zana baƙaƙe da hannu, manya da ƙanana, har shi gane me ya sa tazarar da ke tsakanin A da V ba ɗaya take da ta tsakanin H da I ba. Shi zauna wajen mai surfani, wajen dukawa, wajen mai sassaƙa ƙwarya, shi kwaikwayi zanensu cikin kayenshi. Wanda ya je Yamai shi shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda anka buɗe a 1959, masu sana'ar hannu na nan zaune suna aiki a hili, kallo bai da tsada. Alphadi, mai zanen tufahin nan da duniya ta sani, wanda ya kira bikin FIMA na farko cikin hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, abin da ya kai ma Turawa na gida ne: aikin maƙera, da na dukawa, da na masaƙa. Da irin nasu ya kai masu, suna da wanda ya hi shi. Ku kuwa kullum kuna kwaso zanen wasu daga intanet, ku sauya suna, har katin aure goma su zama iri guda, hure guda, zobe guda.

Mun san za ku ce yanzu salula na yin komi, akwai Canva, akwai ma na'urar da za ka faɗa ma magana ta hido maka hoto. Gaskiya ne, mun gani. Amma tunda kowa na da ita, ba don ita za a biya ku ba. Ba ta zuwa ta auna bangon kanti, ba ta sanin rana na dukan allon da yamma har ja shi koɗe, ba ta iya lallashin Alhaji shi rage lambobin salula. Ku koyi CorelDraw da Photoshop tunda su ake aiki da su cikin atele. Wanda bai da hali, akwai Inkscape da GIMP, kyauta ne. Kuma kowane aiki kunka yi, ko na kyauta ne, ku ɗauki hotonshi ku ajiye. Ba a tambayar mai zane diplom, cewa ake shi nuna abin da ya yi.

Ƴan mata ma ba a hana su ba. Wadda ke zana lalle bisa hannun amarya, dama da hagu su hito daidai ba tare da ma'auni ba, tana da idon da ake nema. Aikin kati da na takardar kwalba ana yin shi zaune cikin gida, kuma mata masu saida turare da yaji da man shafawa sun hi sakewa da mace ƴar'uwarsu.

Iyayenmu, ga abin da muke gani. Kada a saida sa, kada a taɓa gona. Injin da anka saya ma yaron da bai koya ba, wata shida ne tawada ta bushe cikinshi, a saida shi rabin kuɗi. Kuma na'ura tsuhwa take da sauri, wadda anka saya bana, kahin yaro shi ƙware ta zama ta baya. Abin da yaro ke buƙata da farko wurin kwana ne, da abinci, da maigidan kirki na shekara biyu. Sai dai a kula, akwai masu atele da ke riƙe yaro shekara uku shina shara da dafa shayi da zuwa aike, ba a taɓa barin shi shi zauna gaban na'ura ba, don ana tsoron shi koya shi ƙwace masu kawo aiki. Don haka kada a kai yaro a aje da baki kawai. A je da dattijo guda da sakatare, a rubuta takarda: shekara nawa, me za a koya mashi shekarar farko, me za a koya mashi ta biyu, awa nawa zai samu bisa kwamfuta cikin mako, wa ke ciyar da shi, da abin da za a riƙa ba shi in ya fara aikin da ake biya. Kowa shi sa hannu.

Shawarar da kwamiti ya ce mu kawo gabanku ita ce, asusu shi ɗauki nauyin abinci da kuɗin koyo na yara biyu bana, ba sayen inji ba. Masu gida nan birni, wanda ke da zaure ko ɗakin samari shi faɗa. Bayan shekara biyu, yaro shi kawo aikinshi gaban taro, maigidanshi shi shaide shi, sannan a yi maganar rance, kwamfuta guda tukuna, sauran a riƙa kai bugu waje kamar yadda munka ga ana yi. Ƙungiya kuma ta ba su aikinta: bangon wagga takarda tamu, katin ƴan ƙungiya, allon lakwal ɗin gari wanda ruwa ya wanke tun bara waccan. A biya su kamar yadda za a biya bare, a kuma mayar masu in sun yi kuskure.

Samarin da sunka rubuto takarda, da duk wanda ke so, su ba sakatare sunansu kahin a watse. Ranar taron wata mai zuwa kowa shi zo da kaye, shahi goma na zanen hannunshi, da sunan garinmu rubuce da manyan baƙaƙe cikin Hausa da Faransanci da ajami. Maigidan atelen ya yarda zai zo shi duba tare da mu.